Walimar iyali a gidan abincin 'yan Jojiya: abin da muka ci, abin da muka ƙi, da abin da ya kamata a tambaya

Ɗaliban Najeriya da ke karatun likita a ƙasar Jojiya sun ƙaru a 'yan shekarun nan, musamman tun da yaƙin Yukiren ya ɓarke a 2022 ya tilasta wa waɗanda ke karatu can neman wata mafita, kuma a cikinsu akwai 'ya'yanmu na Sakkwato da maƙwabtanta. Karatun na shekara 6 ne, da Turanci ake yin sa, idan kuma ranar yaye ɗalibai ta zo, iyayen da Allah ya hore wa sukan bi ta Istanbul ko Doha su sauka Tibilisi, babban birnin ƙasar, domin su ga amfanin abin da suka daɗe suna kashe wa kuɗi. Bayan an karɓi shahada an ɗauki hotuna, abin da ke biyo baya shi ne neman wurin da za a zauna a ci abinci a sa wa yaro albarka. Mafi yawan mutanenmu sukan nufi titin Agamashenebeli, inda gidajen abincin Turkawa da Larabawa suka yi jere da alamar halal a ƙofofinsu, kuma babu laifi a yin hakan. Mu dai da muka je yayen ɗiyar yayana, ita ce ta dage cewa iyayenta ba za su bar ƙasar da ta yi shekaru a ciki ba tare da sun ɗanɗani abincin mutanen ƙasar ba, don haka aka yi walimar a gidan abincin 'yan Jojiya na asali.

Hukuncina shi ne wurin ya dace da taron iyali ƙwarai, amma da sharaɗin a gama magana da masu gidan tun kafin ranar, domin Musulmin da ya shiga haka kawai ya nuna abin da ya ba shi sha'awa a takardar jerin abinci, zai iya cin abin da ba zai so ya ji labarinsa daga baya ba. Ban ambaci sunan gidan ba saboda ina da ƙorafi a kansa, kuma irinsa suna da yawa a unguwar da yake, abincinsu da tsarinsu kusan ɗaya ne.

Gidan yana cikin tsohon gari, kusa da unguwar Abanotubani mai gidajen wanka na ruwan zafi da ke warin farar wuta, a gindin tudun da tsohuwar ganuwar Narikala take. Babbar fa'idar wurin a gare mu ita ce masallacin Juma'a na birnin, wanda aka gina da jan bulo, yana 'yar tafiya kaɗan daga nan, domin gidan abincin ba shi da wurin salla, bayan gidansa kuma babu buta. A tsakiyar shekara, lokacin da ake yawan yaye ɗalibai, rana ba ta faɗuwa a Tibilisi sai bayan ƙarfe 8 na dare, saboda haka muka zauna bayan La'asar, maza suka taka zuwa masallaci da Magariba ta yi, aka dawo aka ƙarasa. Ɗakin da aka ba mu yana ƙarƙashin ƙasa, da rufin bulo mai baka, akwai sanyi ba tare da na'ura ba, kuma an keɓe shi daga babban zaure, abin da muka nema da kanmu don kada mu zauna inda ake shan giya. Aibinsa shi ne matattakalar sauka, mai tsayi ce kuma matsattsiya, sai da aka riƙe Hajiya Inna hannu biyu kafin ta kai ƙasa. Duk wanda zai zo da tsoho ya tambayi wannan tun a waya.

Batun halal ne ya fi cin lokacinmu, kuma shi ya kamata ya fi cin lokacin kowa. Jojiya ƙasa ce ta Kiristoci 'yan ɗariƙar Otodoks, Musulmi a cikinta kusan kaso 10 ne cikin 100, mafi yawansu a yankin Ajara na bakin Bahar Aswad da kuma yankunan Azarawa, wato 'yan asalin Azabaijan, da ke kudu da Tibilisi. Naman alade abincin yau da kullum ne a wurinsu, kuma ba koyaushe ake rubuta shi ɓaro-ɓaro ba. Gasasshen naman tsinke da suke kira mitsibadi galibi na alade ne idan ba a faɗi akasin haka ba. Kinkali, wato ƙullun fulawa da ake naɗe nama a ciki a dafa, irin na birni akan haɗa naman sa da na alade a niƙa su tare. Ojakuri, wato soyayyen nama da dankalin turawa, shi ma yawanci alade ne. Har burodin wake da ake kira lobiyani, wanda mutum zai ɗauka ba ruwansa da nama, akwai wanda ake sa wa ƙyafaffen alade don ƙamshi. Giya kuma ba a kofi kaɗai take ba, tana shiga tukunya: cakapuli, farfesun rago ko maraƙi da wani ganye mai ƙamshi da ake kira tarhun da ɗanyen 'ya'yan itace masu tsami, wanda ma'aikacin gidan ya yi ta yabawa da cewa lokacinsa ne, da farar giyar inabi ake dafa shi. Mun gode masa muka ce a bar shi.

An ɗan taɓa muhawara tsakanin Yaya Alhaji da wani surukinsa a kan yankan Ahlul Kitabi, kowa da hujjarsa, amma aka tsaya a kan abin da ba shi da kokwanto. Ɗiyar tamu ta sayo naman rago da kaji daga wani mahauci Musulmi, ta kai gidan tun jajibirin ranar, suka yarda su dafa mana da shi a tukwane daban. A nan sun cancanci yabo, domin mai kula da gidan ba ta nuna gajiya da tambayoyinmu ba, har ta faɗa mana gaskiyar da ba mu tambaya ba, cewa magasarsu ɗaya ce kuma a kanta ake gasa komai. Saboda wannan magana muka haƙura da naman tsinke gaba ɗaya. Wata hanyar da ta sauƙaƙa mana ita ce abincin azumin Kiristoci. 'Yan Otodoks sukan ƙaurace wa nama da madara da ƙwai a ranakun Laraba da Juma'a da kuma lokutan dogon azuminsu, saboda haka gidajen abinci da dama suna da sashe na abincin da babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, kuma daga wannan sashe muka zaɓi kusan rabin abin da ya hau teburinmu.

Abin da aka fara kawowa shi ne burodin shoti, dogo mai faɗin ciki da tsinin kai biyu. A tanderun ƙasa ake gasa shi, a manna ƙullun a jikin bango kamar yadda ake yi wa gurasa, kuma da zafinsa ya iso, bayansa na ƙaras-ƙaras cikinsa da laushi. Daga nan sai kacapuri, wanda shi ne abin alfaharin ƙasar, burodi ne da aka cika da cuku aka gasa. Mun karɓi iri uku, kowane da sunan yankin da ya fito. Na Imereti zagaye ne, cukun yana rufe a ciki, kuma shi ne ya fi karɓuwa a wurin manya domin bai cika maiƙo ba. Na Samegerelo an ƙara masa wani cukun a sama, ya yi daɗi amma gishirinsa ya yi yawa, wanda ke fama da hawan jini ya yi hattara. Na Ajara kuwa, mai siffar kwalekwale, a tsakiyarsa ake zuba narkakken cuku da man shanu da gwaiduwar ƙwai wadda ba ta gama nuna ba, sai a juya su tun da zafi a riƙa gutsuro gefen burodin ana dangwalawa. Matasa sun yi rububinsa, Hajiya Inna kuwa da ta ga gwaiduwar sai ta janye hannunta, ta ce: "Ku dai ku ci, 'ya'yan nan, ni ɗanyen ƙwai bai taɓa shiga bakina ba." A ganina kacapuri abinci ne mai nauyi, kuma tarkon da ke cikinsa shi ne mutum ya cika ciki da shi tun farko ya rasa wurin abin da ya fi shi.

Abin da ya fi shi kuwa shi ne kayan ganye da ake haɗawa da walnat, wani ɗan itace mai maiƙo da 'yan Jojiya ke niƙawa su sa a miya da kwaɗo. A nan ne na ga gwanintar masu girkin. Pikali dunƙulen dafaffen alayyafo ne ko jan gwaza na turawa, an kirɓa shi da walnat da tafarnuwa da kayan ƙamshi, an ɗora masa 'ya'yan rumman. Badirijani kuma baƙar gauta ce doguwa da aka yanka fale-fale aka soya, aka shafe ta da ƙullun walnat aka naɗe. Ƙamshin da ke tashi daga waɗannan na wata irin hulba ce tasu wadda ba ta da ɗacin tamu, haɗe da koriyanda da busasshen fure mai ruwan ɗorawa, kuma babu barkono a ciki ko kaɗan, amma baki bai nemi barkonon ba. Farantin badirijani ne kaɗai aka sake nema har aka ƙaro, kuma matan gidan, waɗanda ba su cika yabon girkin wani ba, su ne suka riƙa tambayar yadda ake haɗa ƙullun. Lobiyo ma ya samu karɓuwa, jan wake ne da aka dafa ya yi lugub da albasa da ganye a cikin 'yar tukunyar ƙasa, ana kawo shi yana tafasa tare da micadi, wainar masara mai tauri wadda ba ta da sukari. Wanda bai yarda da komai ba a teburin zai iya ƙoshi da lobiyo da burodi hankalinsa kwance.

Kinkali shi ne abincin da ya fi sa dariya a walimar, kuma shi ne ya fi buƙatar koyarwa. Ƙullun fulawa ne da ake naɗe niƙaƙƙen nama ɗanye a ciki da albasa da ruwa, a murɗe bakinsa ya zama ƙulli, a dafa a tafasasshen ruwa, sai naman ya saki romo a ciki. Ba a sa masa wuƙa ko cokali mai yatsu, domin da an huda shi romon ya tsiyaye a faranti an yi asarar abin da aka zo nema. Da hannu ake kama ƙullin, a juya shi sama, a ɗan ciji gefe a tsotse romon, sannan a cinye sauran, ƙullin kuma a bar shi a gefen faranti saboda yana da tauri. Da ɗaiɗai ake sayar da shi, kuma an ce mana ba a dafa ƙasa da biyar na iri ɗaya. Namu na ragon da muka kawo ne, kuma an ce haka mutanen duwatsu ke yin nasu tun asali. Ƙullun bai yi kauri ba, romon ya ji masoro, sai dai dole a ci shi da zafi, wanda ya huce ba shi da wani armashi. Mun gwada na dankali da na cuku, ba su kai na naman ba ko kusa, ba zan shawarci kowa ya kashe kuɗinsa a kansu ba.

Kajin da muka kai an raba su biyu. Rabi aka yi shikmeruli, soyayyar kaza a cikin romon tafarnuwa da madara, a kaskon ƙasa mai zafi, kuma wannan ita ce miyar da aka suɗe da burodi har kasko ya fito tas, ko da yake wanda ba ya son tafarnuwa kada ya kusance ta. Sauran rabin aka yi satsibi, kaza a cikin miyar walnat mai kauri, wadda ake yi musamman a bikin sabuwar shekara kuma da sanyi ake cin ta. Mu da muka saba da cewa nama sai da tururi, bakinmu bai karɓe ta ba, kusan rabin kwanon ya koma. Wannan ba laifin mai girki ba ne, haka abincin yake, amma da an gaya mana tun farko da duka kajin shikmeruli aka yi. Mai neman yaji ya nemi a kawo masa ajika, niƙaƙƙen jan barkono da gishiri da tafarnuwa, yana da ɗan zafi amma bai kai yajin da muka sani ba. Akwai kuma tikemali, miya mai tsami da ake yi da 'ya'yan itace, ta dace da kaza da dankali. Shinkafa ba ta da wani matsayi a teburin 'yan Jojiya, saboda haka wanda bai ɗauki abin da ya ci a matsayin abinci ba sai ya ga shinkafa ko tuwo, ya shirya zuciyarsa.

Abin sha bai zama matsala ba, duk da cewa ƙasar ta yi suna ne da giyar inabi, har hukumar UNESCO ta sa hanyarsu ta yin ta a manyan randunan ƙasa cikin jerin kayan gadon duniya a 2013. Suna da lemunansu na gargajiya marasa sa maye, mafi shahara shi ne na Lagidze, wanda ya samo asali a garin Kutaisi tun 1887, ana haɗa ruwa mai gas da zaƙin 'ya'yan itace. Koren, na ganyen tarhun, ya raba kawunanmu, wasu sun so shi wasu sun ce warin magani yake. Ruwan Borjomi kuma, wanda suke ji da shi, yana da gas da ɗanɗanon gishiri, ba ya kashe ƙishirwa ga wanda bai saba ba, gara a nemi ruwa marar gas tun farko. Shayin da aka kawo a ƙarshe na jaka ne a ruwa mai ɗumi-ɗumi, abin kunya ga ƙasar da take noman shayi.

Akwai wata al'ada tasu da ta ƙara wa zaman namu tsari. Babbar liyafa a wurinsu ana kiranta supra, kuma ba a yin ta sai da shugaban tebur, tamada, wanda ke miƙewa lokaci bayan lokaci ya yi jawabi a kan abu ɗaya, zaman lafiya ko iyaye ko magabata da suka rasu ko yara masu tasowa, kowa ya saurara, sannan a sha giya. Ɗiyar tamu ta roƙi mahaifinta ya riƙe wannan matsayi, muka ɗauki jerin jawaban muka sa addu'a a gurbin giyar. Yaya Alhaji ya fara da godiya ga Allah, ya yi wa iyayenmu da suka riga mu gidan gaskiya addu'a, ya ba mahaifiyarta dama ta yi magana, sannan ya juya ga mai walimar ya ce: "Likita, Allah ya yi miki albarka, amma ki tuna akwai jarrabawar hukumar likitoci ta gida a gabanki, sai kin ci ta za ki taɓa majinyaci a Sakkwato." Da aka zo kaina ta ce: "Baffa, kai ma sai ka ce wani abu," na faɗi abin da ya sawwaƙa. Saboda agogon Tibilisi yana gaban namu da awa 3, an kira 'yan uwa na gida ta bidiyo suna zaune da la'asar sakaliya suka amsa amin tare da mu. Ma'aikatan gidan sun gane abin da muke yi, ba su shigo da faranti a tsakiyar addu'a ba. Daga babban zaure kuma muna jiyo wasu maza suna rera waƙar gargajiya mai muryoyi daban-daban a haɗe, ba da kiɗa ba, wadda ita ma ƙasar ta yi fice a kanta. Wannan ya yi daɗin ji, amma da dare ya yi aka kunna kiɗan na'ura mai ƙarfi har sai da muka nemi a rufe ƙofa.

Hidimar ma'aikata ita ce inda gidan ya fi rauni. Da muka shigo mun tarar an jera kofunan giya a gaban kowace kujera duk da maganar da aka yi, sai da muka sa aka kwashe. Ma'aikaci ɗaya ne ke jin Turanci sosai, idan ya fita sai dai ɗiyar tamu ta yi tafinta da ɗan yaren da ta koya. Abinci ba ya zuwa bisa wani tsari, duk abin da ya nuna shi ake kawowa, a ɗora faranti a kan faranti, kuma wannan al'adar supra ce ba sakaci ba, amma jinkirin da aka samu tsakanin kayan ganye da kinkali ya wuce misali, har yara suka fara gyangyaɗi. Fuskokinsu ma ba su cika sakewa ba, wanda ya saba da "sannu da zuwa" da "ina gajiya" zai ɗauka an yi masa laifi, alhali da muka tashi tafiya ɗaya daga cikinsu ne ya tallafi Hajiya Inna har saman matattakala ba tare da an roƙe shi ba.

Kuɗin ƙasar lari ne, kuma gidan yana karɓar kati. Idan aka auna yawan abin da aka ci da yawan mutanen da suka ci, farashin bai yi tsanani ba, kayan ganye da wake da burodi suna da araha, kaji da kacapuri na Ajara ne suka ɗaga jimlar. Abin da ya kamata a lura da shi shi ne an ƙara kaso 10 cikin 100 na ladan hidima a ƙasan takardar, an rubuta hakan a jerin abincin amma da ƙananan haruffa, sannan duk da cewa mu muka kawo nama, ragin da aka yi mana kaɗan ne, sun ce aikin girki da keɓe tukwane suka caje mu. Wannan magana ce da ya dace a yanke ta tun ranar kai naman. Kowane faranti na mutum uku ne ko huɗu, ba na mutum ɗaya ba, don haka a rage yawan abin da za a nema, idan bai isa ba a ƙaro. Sun zuba mana ragowar a roba ba tare da ƙarin kuɗi ba.

Kayan zaƙi ba su da yawa a gidan. Abin da ya tsaya mana a rai shi ne curcikela, walnat ne da ake jerawa a zare a riƙa tsoma shi cikin kunun ruwan inabi da fulawa, a rataye ya bushe. Ruwan inabin dafaffe ne, ba wanda ya zama giya ba. A gidan abincin an yanka mana shi ƙanana da tsada, alhali a kasuwar Dezata da ke kusa da tashar jirgin ƙasa ana sayar da shi a rataye da sauƙin kuɗi, kuma can muka sayi na tsaraba. A zaɓi mai ɗan laushi idan an matsa, a zare zaren kafin a ba yara, idan kuma an iso gida a sa shi a firji, domin zafin Sakkwato yana sa shi danƙo.